Yaushe Ake Sakar wa Ɗan Koyo Aska?

Duk wanda ya san ƙasar Gwandu ya san garinmu Aliero da abu biyu, watau albasa da ɗori. Daga Jega da Maiyama, har da garuruwan da ke wajen Jihar Kebbi, ana ɗauko masu karaya zuwa gidajen maɗoranmu. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, ta yaya ake gane cewa ɗan koyo ya isa a miƙa masa ƙafar mutum?

A gargajiyance ɗori gado ne. Yaro yakan fara da riƙe majinyaci da gyara karan da za a ɗaura. In ya jima sai a bar masa targaɗe, sa'an nan gocewar ƙashi, kana karaya, mahaifinsa kuwa na tsaye a kansa. Haka abin yake ga wanzamai. Sai yaro ya sha ɗaukar zabira da wasa aska, ya iya aski da ƙaho, kafin a yarda ya yi kaciya, ga kuma Sarkin Aska mai tsawatawa. Jarrabawarsu ita ce idon maigida da bakin mutanen gari.

Turawa ma ta nan suka biyo. A 1540 aka haɗa wanzamai da masu fiɗa na birnin Landan cikin ƙungiya ɗaya. Sai a 1745 suka rabu, a 1800 kuma masu fiɗa suka sami kwalejinsu da izinin Sarkin Ingila. A yankinmu kuwa, likitocin fiɗa na Afirka ta Yamma sun kafa ƙungiyarsu a Ibadan a 1960, wadda daga baya ta zama kwaleji mai shirya jarrabawa. Nijeriya ta kafa tata kwalejin ƙwararrun likitoci a 1979. Likita mai neman ƙwarewa kan fiɗa yakan yi shekaru a asibitin koyarwa, yana rubuta kowane aiki da ya yi a littafi, babban likita na sa hannu. Daga nan sai malaman wasu asibitoci su zo su gwada shi.

In mun lura, hanyoyin biyu sun dogara ga koyo a gaban gwani, daga ƙaramin aiki zuwa babba. Inda suka bambanta shi ne rubutu da shaidar baƙo. A da, kowa ya san gidan da maɗori ya fito, kunya kuwa ta isa ta tsare shi. Yau mota ta sa mutum na iya sauka garin da ba a san asalinsa ba, ya ce shi ɗan gado ne. In ya tsananta ɗauri jini ya daina gudana, hannu ya ruɓe, sai dai likita ya yanke shi.

Saboda haka ni a ganina, ya kamata manyan maɗoranmu su riƙa rubuta sunan duk wanda suka yaye da irin aikin da suka yarje masa, su kuma koya masa sanin karayar da ta fi ƙarfinsa don ya tura asibiti da wuri. Sunan Aliero ya fi ƙarfin a bar shi a hannun kowane mai ɗauke da kara da tsumma.