Horon tuƙin manyan motoci da kamfani ke ɗaukar nauyi: Abin da mai nema daga Maiduguri ya kamata ya sani

Horon tuƙi da kamfani ke ɗaukar nauyi tsari ne da kamfani mai manyan motoci ke ɗaukar mutum ya koya masa tuƙin tirela ko tanka da kuɗinsa, bisa sharaɗin cewa idan ya kammala zai yi masa aiki na wani ƙayyadadden lokaci. Akwai wannan tsari a Najeriya, sai dai guraben ba su da yawa, kuma makarantun da aka fi sani suna kusa da masana'antun da suka kafa su, nesa da Jihar Borno. Don haka matashin Abbaganaram ko Gwange ko Bulabulin da ke son wannan sana'a yana buƙatar ya san sharuɗɗan doka, da wuraren da ake ba da horon, da kuma abin da zai sa wa hannu, tun kafin ya kashe kuɗin mota zuwa wata jiha.

Matsayin babbar mota a Maiduguri

Layin dogo ya isa Maiduguri a 1964, amma an daɗe rabon da jirgin ƙasa ya kawo kaya birnin. A yau siminti da man fetur da fulawa da takin zamani duk a bayan babbar mota suke shigowa, mafi yawa ta hanyar Kano zuwa Potiskum da Damaturu, mai tsawon kimanin kilomita 600. Motocin kan koma da shanu da wake da bandar kifi zuwa kasuwannin Kudu. Daga garejin Muna kuma ake lodin kayan da ke bin hanyar Dikwa zuwa Gamboru Ngala, su tsallaka Kamaru, wasu su wuce har Chadi. Hukumomin agaji ma hayar manyan motoci suke yi don kai abinci ƙananan hukumomi. Wannan ne ya sa ake neman direban da ya iya aiki kuma yake da cikakkun takardu.

Tsohuwar hanya: yaron mota

Akasarin direbobin tirela a Arewa ba ta makaranta suka shiga sana'ar ba. Sun fara ne a matsayin yaran mota, waɗanda ake kira karnukan mota. Yaro zai bi ubangidansa shekara da shekaru yana wankin mota, yana ɗaure tamfol, yana sa weji, yana sauya taya, yana kwana gadin kaya. Sannu a hankali za a bar shi ya tayar da mota, ya gyara mata tsayuwa a gareji, daga bisani a ba shi sitiyari a inda hanya ta miƙe. Ci da shansa a kan ubangida suke, ke nan wannan ma horo ne da mai aiki ke ɗaukar nauyi.

Alfanun wannan hanya shi ne yaro kan san mota ciki da bai, ya kuma san hanya. Illarta ita ce ba ta da wa'adi, ba ta da takardar shaida, kuma duk kuskuren da ubangida ya saba da shi yaron kan gada. Wanda ya yi shekaru a bayan mota amma ba shi da lasin da ya dace, babban kamfani ba zai damƙa masa mota ba. Idan kuwa ya haɗa ƙwarewar gareji da takardu, ya fi wanda bai taɓa hawa babbar mota ba damar samun gurbi.

Abin da doka ta tanada

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ce ke buga lasin tuƙi, tare da haɗin gwiwar jami'an VIO masu gwada direba da hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. An kasa lasin aji-aji. Ajin G shi ne na motoci masu jan bodi, wato tirela da tanka. Lasin ƙaramar mota bai halatta wa mutum tuƙa su ba, kuma mai son sauya aji sai an sake gwada shi.

Ana iya samun lasin ƙaramar mota daga shekara 18, amma lasin tuƙin haya sai mutum ya kai shekara 26. Sabon mai nema dole ne ya bi ta makarantar koyon tuƙi da FRSC ta amince da ita, ya ci gwajin VIO, a duba lafiyar idonsa, ya gabatar da lambarsa ta NIN, sannan ya je da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Lasin da za a ba shi yana aiki shekara 3 ko 5. Duk lasin da aka kawo wa mutum gida ba tare da an ɗauki zanen yatsunsa ba abin tuhuma ne, kuma kamfanoni na tantance lambar lasi a rumbun bayanan FRSC.

Dokar ta hau kan kamfanoni ma. A ƙarƙashin tsarin RTSSS da FRSC ta ƙaddamar a 2007, duk mai motocin sufuri biyar zuwa sama wajibi ne ya yi rajista, ya naɗa jami'in kula da kiyaye haɗurra, ya kuma riƙa horar da direbobinsa. Haka nan Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, da aka kafa a 1971, yana karɓar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara daga kamfanonin da dokarsa ta shafa, yana kuma mayar musu da har rabin abin da suka biya idan suka nuna shaidar horar da ma'aikatansu. Ke nan kamfanin da ya horar da direba yana sauke wajibi ne, yana kuma kare dukiyarsa.

Wuraren da ake samun horon

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne makarantar koyon tuƙin manyan motoci ta kamfanin simintin Dangote da ke Obajana a Jihar Kogi, wadda ke aiki tare da FRSC, kuma ta yaye ɗalibai maza da mata. Kamfanin Lafarge Africa, mai masana'antar siminti ta Ashaka a Jihar Gombe, shi ma ya gudanar da shirin horar da mata tuƙin manyan motoci. A 2025 matatar man Dangote ta sanar da shirin amfani da motoci 4,000 masu aiki da iskar gas ta CNG wajen rarraba mai, abin da ya ƙara yawan guraben direbobi.

Akwai kuma Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, da ke Zariya, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1986. Horonta na kuɗi ne, amma kamfanoni da hukumomi kan tura direbobinsu su biya musu.

Ya kamata a bambance iri biyu. Akwai horon da ake yi wa wanda bai taɓa tuƙa tirela ba, akwai kuma na ƙarin ƙwarewa ga wanda ya riga ya mallaki lasin ajin G. Na biyun ya fi yawa. Mai nema ya karanta sanarwa da kyau ya ga wanne ake nufi.

A cikin Maiduguri, wuraren da suka dace a fara tambaya su ne ofishin FRSC na jiha, domin samun sunayen makarantun da aka amince da su, da ofisoshin ƙungiyar direbobi ta NURTW, da ƙungiyar masu motocin haya ta NARTO, da reshen direbobin tanka na ƙungiyar NUPENG. Masu motocin da ke yi wa manyan kamfanoni jigila bisa kwangila sukan nemi direbobi ta waɗannan kafofi.

Abin da kamfani kan nema

Sharuɗɗa sun bambanta, amma akwai waɗanda suka zama ruwan dare: ingantaccen lasi, katin shaidar ɗan ƙasa, takardar lafiya daga asibiti, gwajin ido da hawan jini, gwajin ƙwayoyi da barasa, da mutanen da za su tsaya wa mai nema. Ana kuma son wanda zai iya karanta alamun hanya da takardar kaya. Gwajin ƙwaya na kayar da masu nema, don haka wanda ya saba da shan wani abu don korar barci ya sani cewa zai iya bayyana a gwaji. Wanda ambaliyar Satumban 2024 ta lalata wa takardu ya nemi sababbi tun kafin a buɗe gurbi, domin wa'adin nema kan yi gajarta.

Kafin a sa hannu

Kuɗin horon da kamfani ya biya yakan dawo masa ta hanyar shekarun aikin da direba ya yi alkawari. Haka tsarin yake har a Amurka, inda kamfanonin jigila ke biyan kuɗin horo su ɗaure direba da yarjejeniya, idan ya tafi kafin wa'adi ya biya. Saboda haka mai nema ya tabbatar an rubuta waɗannan abubuwa ƙarara:

Tsawon horon, da ko akwai alawus da masauki da abinci a lokacinsa.

Wanda zai biya kuɗin lasin ajin G, da wanda zai riƙe lasin da takardar shaidar kammalawa.

Shekarun da zai yi wa kamfanin aiki, da adadin da zai biya idan ya bari kafin lokaci ko aka sallame shi.

Ko shi ma'aikacin kamfanin ne kai tsaye ko na ɗan kwangila, domin wannan ne ke nuna wanda zai nema idan albashi ya maƙale.

Albashi da kuɗin tafiya, da abin da za a cire masa idan kaya ko mai suka yi giɓi.

Dokar Ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da fara aiki. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ta hannun asusun NSITF ga wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuma Naira 70,000 ne tun daga Yulin 2024. Batun shiga ƙungiya ma abin tambaya ne, domin a kansa aka samu taƙaddama tsakanin NUPENG da matatar Dangote a Satumban 2025. Wanda bai iya Turanci sosai ba ya nemi a fassara masa takardar, ya kuma karɓi kwafinsa. Masu tsaya masa su ma su karanta, domin su za a nema idan aka yi asara.

Hattara da 'yan damfara

Duk inda ake neman aiki ruwa a jallo, 'yan damfara na kusa. Sukan yaɗa sanarwa a WhatsApp da Facebook ɗauke da tambarin sanannen kamfani, su nemi kuɗin fom ko na riƙe gurbi a asusun wani mutum. Manyan kamfanoni sun sha fitar da sanarwar nesanta kansu da irin wannan. Alamomin damfara sun haɗa da neman kuɗi kafin ganawa, da alkawarin aiki ba tare da gwajin tuƙi ba, da matsa wa mutum ya biya cikin sa'o'i. Kamfanin da ke samar wa wasu ma'aikata dole ne ya mallaki lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma mai nema na da haƙƙin ya ce a nuna masa.

Nauyin da ke kan direba

Ƙa'idar hanya ta taƙaita gudun tirela da tanka zuwa kilomita 60 a sa'a a kan babban titi mai tagwayen hanyoyi, kuma tun daga Fabrairun 2017 FRSC ke tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya. Fashewar tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, da wadda ta biyo baya a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja a Janairun 2025, na cikin dalilan da suka sa gwamnati ta hana lodin tankoki masu cin lita 60,000 daga 1 ga Maris, 2025.

Direban Borno na da ƙarin nauyin tsaro. A ranar 9 ga Fabrairu, 2020, an kashe matafiya aƙalla 30 aka ƙona motoci a Auno, bayan dare ya riske su an rufe ƙofar shiga Maiduguri. Sanin lokacin buɗewa da rufe hanya, da bin umarnin jami'an tsaro kan rakiya, wani ɓangare ne na aikin. Mai tsallaka iyaka kuma ya tuna cewa Kamaru da Chadi ba sa cikin ƙungiyar ECOWAS, don haka ya tanadi fasfo da takardun motar da ƙasashen ke nema.

Ga matashin da bai kai shekara 26 ba, lokacin jiran yana da amfani. Zai iya mallakar lasin ƙaramar mota ta halastacciyar hanya, ya bi direba mai mutunci ya koyi mota da hanya, ya ƙarfafa karatunsa, ya kuma tara takardunsa wuri guda, ta yadda ranar da aka buɗe gurbi za ta same shi a shirye.