Tarihin karɓuwar fim ɗin «Le Retour d'un aventurier» na Mustafa Alasan (1966)

0. Gabatarwa

A cikin wannan taƙaitaccen nazari za mu duba yadda aka karɓi fim ɗin da Mustafa Alasan (1942-2015) ya fitar a 1966. Labarinsa gajere ne: wani saurayi mai suna Jimi ya komo daga Amurka da kayan kaboyi, ya rarraba ma abokansa, suka hau dawaki, suka addabi ƙauyensu da sata da faɗa. Abin ya soma da wasa, ya ƙare da jini. Mun lura da karatu iri uku da aka yi masa.

1. Karatun Turai

Masu sharhi na Faransa sun ɗauke shi a matsayin fim ɗin kaboyi na farko na Afirka, wato kwaikwayo na ban dariya. Sunan da Serge Moati ya ba fim ɗinsa game da ɗaukar aikin, «Les cow-boys sont noirs» (1966), ya nuna inda hankali ya karkata: ga tufafi da launin fata.

2. Karatun ƴan gwagwarmaya

Bayan yarjejeniyar Aljers ta 1975, wadda ƙungiyar FEPACI ta amince da ita, an fi auna fim da darasin da yake koyarwa. Da wannan ma'auni, aikin Alasan gargaɗi ne game da rungumar al'adun baƙi. A ganinmu karatun yana da gaskiya, amma ya bar dariyar a waje. Dubi sunayen da samarin suka ɗauka: Black Cooper, Casse-Tout, Reine Christine. Rabi Ingilishi ne, rabi Faransanci, domin Amurkar da suka sani ta iso su ne ta gidan silima, tana magana da Faransanci. Zolayar tana nan cikin harshe.

3. Karatun ƴan kallo na gida

A Yamai da yawa ba su raba ɗan wasa da rawar da ya taka ba. Zalika Sule, wadda ta fito a Reine Christine, ta sha tsangwama saboda irin matan da ta riƙa fitowa a matsayinsu, kamar yadda Rahmatu Keita ta nuna a «Al'lèèssi» (2004). Wannan ma sharhi ne, ko da ba a rubuta shi ba.

4. Kammalawa

Karatu na huɗu yana tafe. Ɗalibin da ya taso a Ɗan Gulbi ko wani gari na jihar Maraɗi, yana jin labarin ƴan bindigar da ke kore shanu a yankin Madarunfa, ba zai kalli samari masu makami bisa dawaki da idon 1966 ba. Muna ba da shawarar a tattara ra'ayoyin irin waɗannan ƴan kallo da Hausa, a rubuta su, tun da tarihin da muke da shi akasarinsa da Faransanci aka rubuta shi.