Ƙarfe Baƙo Ne, Ƙota 'Yar Gida Ce

Duk shekara in Babbar Sallah ta matso, wajen masu sayar da wuƙaƙe a Kasuwar Kure yakan cika maƙil. Mutum zai ɗauki wuƙa, ya gwada kaifinta a farce ko a gashin hannu, ya taya, ya biya, ya kama gabansa. Da wuya ka ga wanda ya tsaya ya dubi ƙotar. To, ita nake so mu duba yau, domin wannan ɗan guntun itace yana da tarihin da ya sarƙe da tarihin zamanmu a garin nan.

Bari mu fara daga can gida, kafin kakanninmu su taso. A shekarar 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano ya zaga kasuwarta. Cikin abin da ya rubuta har da cewa ana shigo da ruwan takobi, wato ƙarfen zalla, daga garin Solingen na Jamus, a ratso Sahara da shi a kan raƙuma. Sai ya iso Kano sannan ake yi masa mariƙi da kube. Ka ga tun wancan zamani ƙarfe yakan zo daga nesa, amma wurin da hannu zai kama, mu muke yin abinmu. Baturen da ya ƙera ƙarfen bai san girman tafin mai saye ba. Maƙerin unguwa kuwa ya sani.

Wuƙa ɗaya takan ratsa hannun masu sana'a uku. Maƙerin baƙi ya buga ƙarfe, masassaƙi ya fitar da ƙota da gizago, baduku ya ɗinka kube. Sau da yawa ma maƙerin shi ke sassaƙa ƙotar da kansa, yaron zuga na gefe yana kallo yana koyo. Kowace sana'a da sarkinta, Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da sauransu, kuma ɗa daga ubansa yake gado.

Da wannan tsari iyayenmu suka iso Minna. Ƙasar Gwari ce, fatake sun daɗe suna ratsa ta, amma jirgin ƙasa ne ya mai da wurin gari. An fara shimfiɗa layin dogo daga Baro a 1907, ya bi ta nan ya isa Kano a 1911, sannan layin da ya taso daga Ikko ta Jebba da Zungeru ya zo ya haɗu da shi a Minna. Leburori suka taru, 'yan kwangila suka zo, malamai da 'yan koli suka biyo baya, unguwanni irin su Limawa da Kwangila suka kafu. Inda jama'a ta taru kuwa dole a ci nama, inda ake fawa dole a nemi maƙeri.

Jirgin nan ya sauya sana'ar ƙira ita kanta. A da sai an haƙo tama an narka kafin a sami ƙarfe, aiki ne na kwana da kwanaki. Da dogo ya zo, tarkacen ƙarfe ya yawaita, aka daina wahalar tama. Daga baya motoci suka shigo, sifirin mota ya zama abin nema, don yana riƙe kaifi. Wato ƙarfen wuƙarmu ya sake zama baƙo, sau biyu ke nan. Ƙota dai tana nan inda take, daga dajin da ke kewaye da mu, wanda maƙwabtanmu Gwarawa suka fi kowa sanin lungunansa.

Tsofaffin masu sana'ar ba kowane icce suke ɗauka ba. Ƙirya ita ce gaba, ga tauri ga nauyi, gara ba ta cika damunta ba. Da ita ake turmi da taɓarya, kuma gawayinta maƙeri ya fi so a wutarsa. Sai marke, wanda aka sani da ƙotar fartanya da gatari. Akwai kanya, akwai aduwa da ake sassaƙa allo da ita, akwai madobiya mai ja-ja da zane kamar an yi mata ado. Ba a aiki da ɗanyen icce. Sai an ajiye shi a inuwa ya bushe a hankali, don in rana ta busar da shi da gaggawa tsagewa zai yi.

In icce ya nuna, sai a yanko daidai faɗin tafi da ɗan ƙari, a rage shi da gizago, a huda tsakiya. Daga nan a sa wutsiyar ƙarfen a wuta ta yi ja, a cusa ta cikin hudar ta ƙona wa kanta mazauni. Nan gwaninta take: in zafi ya yi yawa ramin ya buɗe, wuƙa ta riƙa girgiɗi, in ya yi kaɗan aka matsa da ƙarfi ƙota ta dare. Wasu sukan sa zoben ƙarfe ko na tagulla a wuya don kada ta tsage, kuma duk wanda ya taɓa zuwa Bida ya san yadda Nufawa suka iya aikin tagulla. A ƙarshe a goge da magagari, a shafa man kaɗanya ko na gyaɗa. Wani dattijon mahauci a unguwar nan ya taɓa ce mini, shi ko a duhu aka tara wuƙaƙe goma zai fitar da tasa, don ƙotar ta riga ta ɗauki shatin yatsunsa. Abin ba na ƙawa ba ne kawai. Hannun mai fiɗa kullum cikin maiƙo yake, in mariƙi ya yi santsi, shi zai fara yankewa.

Da Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976, gari ya buɗe, kaya suka yi ta shigowa. Yau ka shiga kasuwar da ke ɗauke da sunan marigayi Abdulƙadir Kure, gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007, yawancin wuƙaƙen da ke kan tebur masu mariƙin roba ne, 'yan ƙasar waje. Ba za mu ƙi gaskiya ba, suna da araha, ba sa tsatsa, ga sauƙin wankewa. Sai dai ranar da robar ta karye, wuƙar ta tashi aiki, bola za ta. Ta da kuwa, a kai wa maƙeri ya sake mata ƙota, ta ƙara wasu shekarun.

Babbar asarar ma tana daji. Buhunan gawayin da muke gani jere a bakin hanya, da yawansu ƙirya ce da marke, itatuwan da ke shekaru kafin su girma. Madobiya kuwa kasuwar Sin ce ta buɗe mata baki, aka yi ta sara ana lodawa zuwa tashar jirgin ruwa, har ta kai a farkon 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Hausawa na cewa sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho, amma fa sai in an bar saiwar. Masu sanin kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu sun koma kabu-kabu da gyaran waya, ba kuma laifinsu ba ne, abinci suke nema.

Shi ya sa nake kira ga samarinmu, har da ma'aikata da ɗalibai. Ba sai ka mai da sassaƙar ƙota sana'a ba, kana iya yinta don sha'awa ranar hutu. Ba ta bukatar a sare ko reshe ɗaya. Tsagaggen turmin da aka jingine a bayan ɗaki, ko karyayyar taɓarya, busasshiyar ƙirya ce da ta shekara ashirin tana jira, kuma za ta ba ka ƙota da yawa. Kayan aikin ma kaɗan ne: ƙaramin zarto, magagari, takardar goge katako, sai haƙuri. Yara kuwa kada su taɓa sai da babba a kusa.

Kusan kowane gida a unguwar nan akwai tsohuwar wuƙar da ƙotarta ta fita, tana kwance a ƙasan akwati ko a saƙon rufi, wataƙila ma da ita kakanka ya yi layyarsa ta farko a Minna. Kafin Sallar bana, ka nemo ta, ka ɗauki guntun taɓarya, ka je wurin ɗaya daga cikin dattawan maƙeran da suka rage, ka gaishe shi, ka ce: "Baba, nuna mini." Ka zauna har a gama, kuma ka tambaye shi wa ya koya masa, daga wane gari suka taso. Abin da ya faɗa maka, ka rubuta ka kawo mana. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a sana'o'inmu.