Daga Dakar zuwa Tanut: Doguwar Hanyar Karatun Ungozoma

Duk lokacin da ake zancen ƙarancin ungozomomi a Damargu, nakan ce wa 'yan'uwana malamai a fara duba tarihin karatun kansa, domin a can amsar take.

Kafin zuwan boko, ungozoma a ƙasar Hausa dattijuwa ce ta unguwa. Sau da yawa ba ita ke karɓar haihuwa ba. Mace kan yi naƙudarta ita kaɗai saboda kunya, sai jariri ya faɗo a kira ungozoma ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta kula da wankan jego. Idan naƙuda ta yi tsawo ko jini ya ɓalle, sai rubutun sha da addu'a.

Karatun ungozoma na zamani ya samo asali ne daga makarantar likitanci da Faransawa suka buɗe a Dakar a 1918, wadda ke da sashen 'yan mata. A can Awa Keita 'yar Mali ta gama a 1931, aka tura ta Gao, daga baya ta zama 'yar majalisa. Amma sai yarinyar da ta yi firamare ake ɗauka, kuma a wancan zamani makarantun 'yan mata a birane suke. Ƙauyukan Damargu ba su ma shiga layin ba.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, Nijar ta kafa makarantar koyon aikin lafiya ta ƙasa a Yamai, wadda yau ke ɗauke da sunan Damure Zika, sannan aka buɗe wata a Damagaram a shekarun 1970. Da yake masu fitowa ba su isa ba, sai aka bi gajeriyar hanya: tun a shekarun 1960, daga yankin Maraɗi, aka riƙa tara ungozomomin gargajiya ana ba su horon 'yan kwanaki kan tsabta da yanke cibiya da gane alamun haɗari. Dabarar ta rage ƙazanta, amma horon kwanaki ba ya tsayar da jijjiga, ba ya fitar da jaririn da ya zo a gicciye.

Zamanin Tanja Mamadu ya kawo ƙananan gidajen likita a karkara, ya mayar da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, awon ciki kuma a 2006. Bayan haka aka fara makarantar mazaje a jihar Damagaram da tallafin UNFPA, kuma Tanut na cikin wuraren gwajin farko, don a shawo kan maigida ya bar matarsa ta je awo. A 2010 Damagaram ta samu jami'arta, wadda yanzu ake kira Andre Salifu, a 2011 kuma Belbeji ta rabu da Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta.

To, gini ya samu, doka ta samu, maza sun fara sakin hannu. Saura wa za a tarar a ɗakin haihuwa? A yau cikakkiyar ungozoma sai ta ci bak, sannan ta yi shekara 3 tana haɗa aji da aiki a asibiti. Ke nan shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise, 3 a makarantar lafiya: shekara 16 ba yankewa. Alhali binciken ƙasa na 2012 ya nuna 'yan mata 76 cikin 100 ana aurar da su kafin su cika 18, kuma mace kan haifi 'ya'ya fiye da 7.

Wannan lissafi ne ya sa wadda ake turowa Tarka ko Gangara yawanci baƙuwa ce daga birni. Tana iya zama gwana, amma ba lalle ta ji Buzanci ko Fillanci ba, kuma da ta samu hali za ta nemi canji ta koma kusa da iyalinta. Ban ga laifinta ba. Sai dai matar da naƙuda ta kama da dare a ruga, ga Damagaram kusan kilomita 150 daga Tanut, tana bukatar wadda za ta zauna, ta ji harshenta, ta kuma san lokacin da ya kamata a ɗauko mota.

Irin wannan ba ta fitowa sai daga cikinmu. Malam, yarinyar nan da ke gaban aji tana cin lissafi da kimiyya, ka gaya wa iyayenta abin da za ta iya zama. Iyaye kuma, da yawanmu ba mu son namiji ya duba matanmu. In haka ne, sai mu bar 'ya'yanmu mata su wuce brebe, mu nemar musu masauki nagari a Tanut ko Damagaram, ko da an ɗaura aure a sa sharaɗin ci gaba da karatu. Yarinyar da aka sa a aji ɗaya a bana, sai nan da shekara 16 za ta karɓi haihuwarta ta farko a matsayin ma'aikaciya. Allah ya sauki matanmu lafiya.