Kwalejojin Fasaha na Gwamnatin Jihar Kano

Kwalejojin fasaha na gwamnatin jihar Kano makarantun sakandare ne da ake koyar da sana'o'in hannu tare da darussan boko. Suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Makarantun Kimiyya da Fasaha ta jihar, kuma ɗalibi yana shekara 3 a cikinsu bayan ya gama ƙaramar sakandare. Daga cikin sanannun su akwai ta birnin Kano, ta Wudil, ta Bagauda, ta Ungogo da ta Dambatta. Sana'o'in da ake koyarwa sun haɗa da kafinta, gini, walda, kanikancin mota, aikin lantarki, aikin famfo da gyaran kayan lantarki.

Tarihi

Kafin a kira su kwalejoji, wasu daga cikinsu makarantun koyon sana'a ne da ke ɗaukar yaran da suka gama firamare. Tsohon gwamnan Kano Rabi'u Musa Kwankwaso ya yi karatu a makarantar koyon sana'a ta Wudil, ya wuce kwalejin fasaha ta Kano, sannan ya tafi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna.

A shekarar 1977 gwamnatin Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa ƙarƙashin hukuma ta musamman, daga baya aka haɗa mata kwalejojin fasaha. Da aka ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, makarantun da suka faɗa ɓangarenta sun koma hannun sabuwar jihar. A wa'adinsa na biyu, daga 2011 zuwa 2015, Kwankwaso ya ƙaddamar da shirin gina makarantar fasaha a kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar.

Ɗaukar ɗalibai

Ana shiga ne ta hanyar jarrabawar da hukumar ke shiryawa ga 'yan aji uku na ƙaramar sakandare. Hukuma ɗaya ce ke riƙe da makarantun kimiyya da na fasaha, amma martabarsu a idon jama'a ba ɗaya ba ce. Iyaye da dama sun fi son ɗansu ya samu Dawakin Tofa ko Dawakin Kudu, domin can ake ganin hanyar zama likita ko injiniya take. Kwalejin fasaha kan zama zaɓi na biyu, har wasu na yi mata kallon wurin da ake kai wanda bai kai labari ba, ko da yake manhajarta ba ta fi ta sauran makarantu sauƙi ba.

A yankunan karkara irin su Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, lissafin da maigida ke yi ya sha bamban. Ƙasa ce ta manoman gero, dawa da gyaɗa, gona daf da gona, kuma yaron da ya tafi makarantar kwana hannu ɗaya ne ya ragu a lokacin noma da girbi. Ga kuɗin mota da guzuri. Sannan kwalejin tana da abokin takara a bakin kasuwa: idan sana'a ake so, uba zai iya kai ɗansa wurin mai walda ko bakanike a gari, ya koyi aikin yana kwana a gida, maigidansa yana ɗan sallamarsa. Abin da makaranta ta fi shagon da shi shi ne takardar shaida, da sanin zanen aiki da lissafinsa. 'Yan mata kaɗan ne a fannonin gini, walda da kanikanci.

Jarrabawa da sakamako

Ɗaliban ajin ƙarshe suna rubuta jarrabawar hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992 kuma hedikwatarta tana Benin. Kafin zuwanta, jarrabawar City and Guilds ta Landan ake yi ta hannun WAEC. Wanda ya ci yana samun shaidar NTC, wadda gwamnatin tarayya ta daidaita darajarta da ta babbar sakandare. Manhajar kuwa hukumar NBTE ce, da aka kafa a Kaduna a 1977, ke tsara ta.

Ana auna ɗalibi ta fuska biyu. Akwai darussan sana'arsa, rubutu da gwajin aikin hannu, akwai kuma darussan gama-gari irin su Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Don shiga jami'a a fannonin kimiyya da fasaha ana bukatar kiredit 5 da suka haɗa da Turanci da Lissafi, sannan a ci jarrabawar JAMB. A nan ne matsalar take yawan fitowa. Yaro zai iya haɗa wayarin gida guda ba tare da kuskure ba, amma Turanci ya kayar da shi, domin da Hausa aka yi masa yawancin bayani tun daga firamare, takardar jarrabawa kuma da Turanci take zuwa, har tambayoyin sana'ar. Saboda haka adadin masu kiredit 5 kaɗai ba ya nuna ko makaranta ta koyar da aiki, haka nan ƙwarewar hannu ba ta buɗe ƙofar jami'a.

Gwajin aikin hannu shi ma ya dogara da halin da ɗakin koyon aiki yake ciki. Injin walda ko na feƙe ƙarfe ba ya aiki sai da wuta, katako da siminti da waya kuma ƙarewa suke yi kowane zango. Inda waɗannan suka yanke, malami kan koma zana injin a allo.

Gwamnatin jihar kan biya kuɗin jarrabawar ƙarshe ga ɗaliban makarantunta da suka ci jarrabawar tantancewa. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a jihar.

Bayan kammalawa

Waɗanda suka ci gaba da karatu kan nufi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil. Wasu kuma sukan buɗe shago ko su bi 'yan kwangila wuraren gini.