Tarihin Na'urar Auna Oksijin a Salansar Mota

Asalin na'urar da ke auna oksijin a hayaƙin mota yana komawa ga dokar tsabtace iska da Amurka ta ƙarfafa a shekarar 1970, wadda ta tilasta wa masu ƙera motoci rage gubar da ke fita daga salansa. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera na'urar da sinadarin zirkoniya, wani nau'in tangaran da ke haifar da lantarki idan oksijin na ɓangarorinsa biyu ya bambanta, kuma kamfanin Volvo na Suwidin ya fara sanya ta a motocinsa a 1976.

Na'urar farko tana bayyana abu guda ne kawai, wato ko fetur ya yi yawa ko ya yi kaɗan idan aka gwada da ma'aunin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur. Wani sabon nau'i mai faffaɗan awo, wanda Honda ta yi amfani da shi a Civic VX ta 1992, ya ƙara wani sashe mai tura oksijin ciki ko waje, ta yadda ƙarfin lantarkin da turawar ke ci yake nuna ainihin gwargwadon cakuɗar.

Wannan ci gaba ya sauya aikin masu haɗa wayoyin mota, domin sabuwar na'urar tana da wayoyi biyar ko shida, ba ta aiki sai da akwatin sarrafawa da ke daidaita zafinta, kuma wajibi ne a ɗaura ta kafin matatar hayaƙi. Ingancin awonta ya dogara sosai ga ingancin haɗin wayoyinta.