Daga Sadaka zuwa Haƙƙi: Tarihin Dokar Ilimin Yara Masu Buƙata ta Musamman a Bauchi

Tun kafin Turawa su ci Bauchi a 1902, birnin da Malam Yakubu ya kafa a farkon ƙarni na 19 yana da nasa tsarin kula da naƙasassu, kamar sauran biranen Daular Usmaniyya. Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalai suke hukunci da shi daga littattafai irin su Risala da Muhtasar, ya ba uwa fifiko wajen reno, ya ɗora ciyarwa a kan uba, kuma bai sauke masa wannan nauyi ba idan ɗansa ya balaga da naƙasar da ta hana shi neman abin kansa. A gefe guda kuma, al'adar ƙasar Hausa ta tanadi sarautun Sarkin Makafi, Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda suke sasanta jama'arsu tare da kai kukansu fada. Wannan tsari ya tabbatar da ci da matsuguni, har ma makaho yakan haddace Alƙur'ani ta hanyar saurare, amma ginshiƙinsa sadaka ce da zumunci, kuma kurma ba shi da wata ƙofa ta karatu.

Mulkin mallaka ya kawo wata hukuma ta biyu a wajen ganuwa. Unguwar da ake kira GRA, wato yankin da gwamnati ta keɓe domin gidajen manyan ma'aikatanta, ta samo asali ne daga tsarin da ya raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, wanda dokar tsara garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa. Daga Razdan da jami'an da ke zaune a irin wannan unguwa umarni yake gangarowa zuwa En'e, sai dai ilimin naƙasassu bai shiga lissafinsu ba. Dokar yara da matasa da Jihar Arewa ta kafa a 1958 ma ta fi mayar da hankali ga yaron da ya yi laifi ko wanda ya rasa mai kula da shi, ba ga wanda aka bari ba makaranta ba. Mishan ne suka fara cike giɓin: a 1953 ƙungiyar SUM ta buɗe makarantar makafi a Gindiri da ke Filato, maƙwabciyar Bauchi, inda aka koyar da rubutun Braille, wato ɗigogin da ake karantawa da yatsu. Da yake makarantar ta mishan ce, iyaye Musulmi da yawa sun yi ɗari-ɗari da ita.

Sauyi na haƙiƙa ya zo ne a tsakiyar shekarun 1970. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, GRA ta koma mazaunin kwamishinoni, alƙalai da manyan sakatarori na sabuwar jiha, kuma a shekarar ce aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a faɗin ƙasa. A 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ware sashe guda ga ilimi na musamman, wato koyarwar da aka daidaita da halin yaron da ba ya gani, ko ba ya ji, ko yake da jinkirin fahimta, aka kuma buɗe kwalejin horar da malaman wannan fanni a Oyo. Makarantar Tudun Maliki a Kano da Cibiyar Ilimi na Musamman da ke Yelwa a Bauchi 'ya'yan wannan manufa ne.

Sai dai manufa ba doka ba ce, kuma a nan ne masana shari'a suka daɗe suna jayayya. Sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya umarci gwamnati da ta samar da ilimi daidai ga kowa, amma yana cikin babi na biyu, wanda kundin da kansa ya hana kotu tilasta aiwatar da shi. A Amurka, ƙararrakin da iyaye suka shigar a farkon shekarun 1970 ne suka haifar da dokar 1975, wadda ta wajabta rubuta wa kowane yaro mai naƙasa tsarin karatu na kansa, ta kuma ba iyaye damar ƙalubalantar makaranta, har fannin ya zama darasi mai zaman kansa a tsangayoyin shari'a. A Nijeriya, sai a 2017 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta mayar da ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta haƙƙin da za a iya nema a gaban alƙali.

Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta gamu da doguwar turjiya a Arewa, musamman kan shekarun aure da riƙon ɗa, kuma Bauchi ba ta kafa tata dokar kare yara ba sai a ƙarshen 2023, a zamanin Gwamna Bala Mohammed, tana cikin jihohi na ƙarshe. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har zuwa matakin sakandare, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a domin su iya shiga.

Saboda haka, abin da yaron Bauchi mai naƙasa yake jira a yau ba sabuwar doka ba ce, lauya ne da zai ɗauki ƙararsa, da malamin jami'a da zai horar da irin wannan lauya. Tsangayoyin shari'a na Zariya, Kano, Jos da Jami'ar Sa'adu Zungur suna koyar da shari'ar Musulunci ko dokokin zamani ko duka biyun, don haka su ne suka fi cancanta su nuna cewa wajibcin da fiƙihu ya ɗora wa uba da wanda doka ta ɗora wa gwamnati ba sa karo da juna. Muddin mahaifin da aka mayar masa da ɗansa kurma daga ƙofar firamare bai san yana da inda zai kai ƙara ba, karatun yaron zai ci gaba da rataya a kan tausayin hedimasta.